Me ya sa garkuwar jiki ba ta kashe sankarar mama?

Maman Halima, Garwa:
Assalamu alaikum. An gano ƙanwata tana da sankarar mama, kuma da na taɓa ƙullin na ji shi da tauri kamar ɗanyen goro. Tunda jiki yana da sojojinsa, me ya hana su cinye cutar?

Malam Buba, Marwa:
Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Sojojin suna zuwa, amma ƙari yana juya wasunsu. Ƙwayoyin da ake kira makrofaj, waɗanda aikinsu haɗiye datti da gyaran rauni, sukan ɗauki ƙarin tamkar ciwon da ke neman warkewa, sai su fitar da sinadaran da ke tsiro masa sababbin jijiyoyin jini. Taurin da kika ji kuwa yawanci aikin ƙwayoyin faibrobilas ne, masu saƙa zaren kolajin kewaye da shi, kuma wannan saƙa tana iya tare hanyar ƙwayoyin T, wato sojojin jiki masu kashe ƙwayoyin sankara.

Inna Ngaundare:
Malam ya yi bayani. Tun 1889 likitan Ingila Stephen Paget ya kwatanta yaɗuwar sankara a jiki da iri da ƙasa, wato ƙwayar sankara iri ce da ba ta tsiro sai ƙasar, wato sashen jikin da ta faɗa, ta karɓe ta. Kitsen mama ma yana cikin wannan ƙasa, domin bayan ɗaukewar al'ada yana samar da sinadarin estirojin da wasu nau'o'in cutar ke girma da shi. 'Yar'uwa, ki tambayi likitanta wane nau'i gwajin tsokar ya nuna, saboda maganin ya dogara da hakan.