Injin CERN da ake cewa zai haɗiye duniya: me zan gaya wa Inna?

Baban Hanifa, Gusau:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni tela ne a Tudun Wada, karatuna bai wuce sakandare ba, shi ya sa na kawo maganar nan gaban masu sani. Shekaranjiya bayan isha'i na tarar da Innarmu zaune a bakin tabarma, tuwonta ya huce ba ta taɓa ba, waya manne a kunne. Saƙon murya aka turo a zauren WhatsApp na matan Islamiyyarsu, wai Turawa sun gina wani inji a ƙarƙashin ƙasa, ranar da suka ƙara masa wuta zai buɗe baƙin rami ya haɗiye duniya. Ta ce da ni, "Wanga abu gaskiya na? In gaskiya na, kira min 'yan uwanka mu yafi juna."

Na ce mata ƙarya ne, amma da baki kawai na faɗa, ba ni da hujja. Kuma Inna ba ta karɓar "ba komai" haka nan. Mu mutanen Anka ne. A 2010 gubar dalma ta kashe ɗan yayata, yaron da ita ta yaye. A tsakar gida ake niƙa dutsen zinariya, yara na wasa cikin ƙurar, babu wanda ya zaci ƙura na kisa, har yara sama da 400 suka rasu a jihar nan. Tun daga lokacin, abin da ido bai gani ya fi ba ta tsoro. Don Allah mene ne gaskiyar injin nan?

Malamin Fiziks, Birnin Kebbi:

Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan yaron, Ya ba Inna haƙuri. Injin dai akwai shi. CERN sunan cibiyar ne, tana kusa da birnin Janiba, kan iyakar Suwizalan da Faransa. Injin kuma LHC ake ce masa: rami ne zagayayye mai tsawon kilomita 27, zurfinsa kamar mita 100. A cikinsa ake koro ƙwayoyin furoton, waɗanda ke tsakiyar ƙwayar zarra, wasu ta dama wasu ta hagu, da gudun da ya kusa na haske, sai a gwara su a duba abin da ya fito. Da haka aka gano wata sabuwar ƙwaya da ake kira Higgs a watan Yulin 2012.

In ka ji "ƙarfi mafi girma a duniya" sai gabanka ya faɗi. Amma karon furoton biyu a ciki bai wuce ƙarfin sauro goma sha wani abu suna tashi ba. Abin mamakin kawai shi ne an tattara ƙarfin a wuri ɗan mitsitsi.

Ga hujjar da na fi so ka riƙe. Irin wannan karon yana faruwa bisa kawunanmu dare da rana. Ƙwayoyi na zubowa daga sararin samaniya suna dukan iskar da ke lulluɓe da duniya, wasunsu da ƙarfin da ya ninka na injin nesa ba kusa ba. Haka suke dukan wata da rana tun fil azal. Da irin karon nan na haifar da ramin da ke cin duniya, da tuni babu wata a sama.

Tsoron ma tsoho ne. An yi shi a 1999 kan wani inji a Brookhaven ta Amurka, aka sake yi a 2008. A shekarar wasu mutum biyu suka kai ƙara kotu a Hawai don a hana kunna LHC, kotu ta kori ƙarar. An kunna shi ranar 10 ga Satumba 2008. Abin da ke ɓata min rai har yau, a makon da aka kunna shi wata yarinya 'yar shekara 16 a Indiya ta kashe kanta saboda labarin tashin duniya da ta riƙa gani a talabijin. Injin bai taɓa ta ba, jita-jitar ce ta ci ranta.

Hajiya Mai Atamfa, Kaura Namoda:

Malam, Allah Ya ƙara ilimi, amma ina da ja. Su ne masu injin, su ne kuma suka ce ba shi da illa. Mai kaya ai ba ya kushe kayansa. Mun ga abin da gwajin magani ya yi wa yara a Kano a 1996. Don me za mu yarda da su yanzu?

Malamin Fiziks, Birnin Kebbi:

Hajiya, tambayarki na kan hanya, kuma gaskiya ne masanan CERN ne suka rubuta rahoton 2008 da ya ce injin ba shi da illa, ko da yake wasu na waje sun bi shi sun duba. Sai dai hujjar ba a hannunsu take ba. Ƙwayoyin nan na sama, Victor Hess ne ya gano su a 1912, shekara 42 kafin a kafa CERN, ya hau balan-balan da na'urarsa ya auna. Jami'o'i a ƙasashe daban-daban na auna su har gobe.

Ba kuma cewa nake injin ba ya lalacewa ba. Kwana tara da kunna shi wani haɗin lantarki tsakanin manyan maganaɗisu ya ƙone, iskar hiliyam ta yi ambaliya cikin ramin, gyara ya ci sama da shekara. Babu wanda ya ji rauni, domin ba a barin kowa a ramin in injin na aiki, saboda tururin radiyeshan. Haɗarinsa a nan ya tsaya, cikin ramin. A Anka kuwa gubar tana cikin ƙasar da yara ke rarrafe, an auna jininsu an gan ta.

Baban Hanifa, Gusau:

Na gode ƙwarai, Malam. Jiya da dare na karanta wa Inna duka. Maganar kotu da ta sauro ba su shige ta ba. Da na zo kan maganar wata sai ta yi shiru, ta tashi ta fita tsakar gida ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo. Ta tuna min da husufin ranar 2006, lokacin da Gusau ta yi duhu da hantsi har kaji suka nufi akurki, mutane na ta salati, can rana ta dawo. Ta tambaye ni shekara nawa ke nan da kunna injin, na ce tun 2008, kafin a haifi Hanifa. Ta ce, "To, ɗumamo min tuwon nan."

Yau da safe ta sa na ɗauki muryarta ta tura wa matan zauren, ta ce kowa ta daina yaɗa saƙon sai ta ji daga masu ilimi. Hajiya, ta ce a gaishe ki, wai tambayar da ke ranta kika yi.