Neman shawara: na sayi bututun ɗumama daɓe, amma santimita 7 kawai ya rage zuwa dokin ƙofa

Baban Khalil: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin aikin nan ku taimaka min, kaina ya kulle. Tsohon gida ne muke gyarawa, falon mita 6 ne a mita 7, kuma ƙasan sanyi gare shi sosai, ko da safa a ƙafarka sai ka ji shi. Da farko kafet na so sakawa, uwargida ta ce ba ta son ƙura saboda yaro mai asma, muka dawo kan tayil, daga baya ƙanina ya kawo maganar ɗumama ƙasa da ruwan zafi. Na riga na ɓamɓare tsohon tayil, na sayi bututun roba na ruwan zafi da ake kira PEX mai milimita 16, naɗi ɗaya na mita 200, da maƙalansa. Niyyata in shimfiɗa shi zagaye ɗaya kai tsaye a kan kankare a zuba daɓe. Jiya magini ya auna ya ce daga kankare zuwa dokin ƙofa santimita 7 ne, wai ba zai isa ba, ya tafi. Ƙofofin sababbi ne, ba na son a taɓa su. An sa ranar zuba daɓe mako mai zuwa. Yaya zan yi?

Injiniya Sule: Wa alaikumussalam. Malam, ka ɗaga ranar daɓen tukuna, kuskure uku nake gani kafin ma a zo maganar ƙofa. Mita 200 a zagaye ɗaya ba ya aiki. Bututu mai milimita 16 ba a so zagayensa ya wuce mita 100, har da jelar da ke zuwa wurin marabar ruwa, wato inda ake rarraba ruwan zafi zuwa zagaye-zagaye, ta dawo. In ya wuce, injin tura ruwa zai yi ta fama, ruwan ya huce tun a tsakiyar hanya, rabin falo da ɗumi rabi kamar ba a yi komai ba. Sannan bututun ma bai isa ba. Falonka murabba'in mita 42 ne. Tazarar santimita 20 tana cin mita 5 a kowane murabba'i, ka ga 210 ke nan. Tazarar 15 kuwa tana cin kusan 280. Zagaye uku kake buƙata, kowanne ya fito daga maraba ya koma ba tare da haɗi ba, don ba a binne mahaɗa a cikin daɓe.

Babban kuskuren shi ne ɗora bututu a kan kankare tsirara. Ƙasa za ka yi ta ɗumamawa da kuɗinka. Tsarin da aka sani shi ne leda mai tare danshi, allon kumfa mai tauri na aƙalla santimita 5, soso mai kaurin milimita 8 zuwa 10 a bi gindin bango duka, sai bututu, sai daɓen siminti mai santimita 4.5 a saman bututun, sai gam da tayil kamar 1.5. Haɗa ka gani: 5 da 1.6 da 4.5 da 1.5, ya kama 12.6. Magininka gaskiya ya faɗa maka. Kuma ba ka gaya mana me zai dafa ruwan ba.

Baban Khalil: Na gode Injiniya. Amma kankaren nan a bushe yake, kuma ai zafi sama yake tashi, ba ƙasa ba. Shi ya sa na ga allon kumfar ba dole ba ne.

Injiniya Sule: Iska mai zafi ce ke tashi sama. A cikin siminti zafi yana bin duk inda ya fi sanyi, kuma ƙarƙashinka ya fi falonka sanyi. Har yanzu ba ka amsa tambayata ba: tukunyar gas ce ko injin da ke zuƙo zafi daga iska? In tukunya ce mai fitar da ruwa digiri 60 ko 70, sai an sa bawul mai gauraya ruwa ya sauko da shi 35 zuwa 45. Saman daɓen falo ba a so ya wuce digiri 29.

Ɗanladi Mai Wayarin: Ni dai a ganina ana wahalar da bawan Allah. Santimita 7 ya ishi ragar lantarki, wato raga mai wayar da ke yin zafi da wuta, har da canji. Allon hana zafi tserewa na santimita 2 ko 3, a lika shi, a shimfiɗa raga mai wat 150 a murabba'in mita, kaurinta bai wuce milimita 4 ba, a rufe ta da gam mai laushi a ɗora tayil. Abin kiyayewa: ragar ake yankawa in za a juya kwana, ba a taɓa wayar. Ba a bari waya ta hau kan waya. Kada ta shiga ƙarƙashin kabad ɗin da aka kafe. Na'urar jin zafi a zura ta cikin siririn bututu a tsakanin layi biyu na waya, don ranar da ta mutu a zare ta ba sai an fasa tayil ba. A auna wayar da mitar gwaji sau uku, kafin shimfiɗa, bayan shimfiɗa, da bayan tayil, a rubuta. Kuma dole layin ya bi ta RCD, na'urar da ke yanke wuta in ta fara zurarewa, mai miliamfa 30. Abin da ke ɓata min rai shi ne masu tayil da ke kankare gam daga tsakanin tayil da bakin cokalin gini, su datse waya, sai a ce mai wayarin bai iya aiki ba.

Injiniya Sule: Ɗanladi, faɗa masa sauran. Ko ka cire wurin kabad ka bar murabba'in mita 35, wat 5,250 ke nan, kusan amfa 23 a wuta mai bolt 230. Yawancin makunnan daidaita zafi amfa 16 suke ɗauka, sai an ƙara kwantakta, wato makunni mai ɗaukar wuta da yawa, da layi na musamman. Raga ta banɗaki ce da ƙaramin kicin. A falo mai girman nan mitar wuta za ta yi ta gudu.

Ɗanladi Mai Wayarin: Ya danganta da awa nawa zai kunna. Raga tana ɗumama tayil cikin ƙasa da awa ɗaya, daɓenka mai kauri sai ya ɗauki sa'o'i.

Oga Isiya Tayil: Tunda an ambace mu. Duk wanda kuka zaɓa, falon ya haura murabba'in mita 40, don haka a raba daɓen biyu da tsagar motsi, wato tsagar da ke ba daɓe damar buɗewa in ya yi zafi, a sa wata a bakin kowace ƙofa, kuma tsagar ta fito har saman tayil a cike ta da silikon. Inda bututu zai ratsa tsagar a sa masa riga kamar santimita 30. Ranar zuba daɓe bututu ya kasance cike da ruwa a matsi mai awon bar 6, ido a kan agogon matsi. Allura ta sauka, an huda wani wuri, a tsaya nan take. Daɓen siminti sai ya kwana 21 kafin a kunna, a fara da digiri 20 zuwa 25 na kwana 3, a kai shi ƙarshen zafinsa na kwana 4, a kashe ya huce, sannan tayil. Masu gida ne ke gaggawa su kunna da ƙarfi a kan ɗanyen daɓe, tayil ya tsage layi ɗaya daga bango zuwa bango, sai a nemo mai tayil da zagi.

Maman Ilham: Yaya Baban Khalil, akwai hanyar tsakiya da ba wanda ya faɗa. Akwai alluna masu kwarmi a jiki, kaurinsu santimita 2 ko ƙasa da haka, bututu yana kwanciya cikin kwarmin, ba a zuba daɓe mai kauri. Ka sa allon hana zafi na santimita 3 a ƙasa, wannan a sama, tayil a kai, kana cikin 7 ɗinka. Sai dai kankaren ya zama a miƙe sosai, in da kwari a cike shi tukuna. Da yawansu bututu mai milimita 12 suke ɗauka, shi kuma zagayensa ya fi gajarta, don haka bakunan maraba za su ƙaru. Ka duba jikin bututunka ma ko an rubuta yana da rufin hana iskar oksijin shiga, in babu, ƙarfen tukunya da injin zai yi tsatsa.

Injiniya Sule: Hajiya, santimita 3 a kan kankaren da ke zaune a ƙasa rage asara ne kawai. Ni dai a fasa kankaren a sauke shi, ko a ɗaga ƙofofi. Aikin da za a binne shekara da shekaru ba a yi masa rowar santimita.

Baban Khalil: Fasa kankare ba zai yiwu ba gaskiya, kuma bututun masu shago ba za su karɓa ba tunda na kwance naɗin. Ina tunanin in yi zagaye biyu na mita 100, in buɗe tazarar zuwa 25, in sa allon santimita 2 da siririn daɓe. Ƙanina ya ce haka ma yana yi.

Oga Isiya Tayil: Tazarar 25 a ƙarƙashin siririn daɓe, tafin ƙafarka zai riƙa ƙirga layukan, nan ɗumi nan sanyi. Daɓen siminti kuma in bai kai kauri ba a kan kumfa, tsagewa zai yi. Mai ruwa-ruwa da ake zubawa ya baje da kansa shi ke yarda da santimita 3 a saman bututu, amma ko da shi lissafinka ya haura 8.

Injiniya Sule: Sau uku ke nan: me zai dafa ruwan?

Baban Khalil: Wannan ban kai gare shi ba tukuna, na ce a gama ƙasan. To in aka cire dokin ƙofar kawai aka bar ƙyauren, santimita nawa zan samu?