Tambayar GMAT mai maganganu biyu da suka ci karo: yaya ake gane amsa?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirin rubuta GMAT, jarrabawar shiga makarantun koyon kasuwanci, don neman gurbin MBA (digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci), kuma akwai nau'in tambaya guda a sashen auna hujja da yake ci mini tuwo a ƙwarya. Za a ba ka maganganu biyu da kamar ba za su zauna tare ba, a ce ka zaɓi abin da ya fi warware saɓanin. Ga misali:

Wata masana'anta ta raba wa ma'aikatanta sababbin kayan kariya, ta kuma ba su horo kan tsaro. A shekarar da ta biyo baya, raunukan da aka rubuta a littafin masana'antar sun fi na bara yawa. Wanne ne ya fi bayyana hakan?

A. Kayan kariyar sun yi tsada sosai.
B. Horon ya umarci ma'aikata su kai rahoton kowane rauni komai ƙanƙantarsa, alhali a da ba a rubuta ƙanana.
C. Wasu ma'aikata ba sa sanya kayan.
D. Sauran masana'antun da suka yi amfani da kayan sun ga raguwar raunuka.
E. Yawan ma'aikata bai canza ba.

An ce amsar B ce. To me ya hana C? Idan mutane ba sa sanya kayan, ai dole su ji rauni. Don Allah a fahimtar da ni.

Malamar Lissafi:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. C tana da jan hankali, shi ya sa aka sa ta. Amma duba da kyau: mu ce babu ko mutum ɗaya da ya sanya kayan. Ina aka koma? An koma halin bara, lokacin da babu kayan kwata-kwata. Ke nan raunuka za su tsaya yadda suke. C ta bayyana dalilin da ya sa ba su ragu ba, ba ta taɓa dalilin da ya sa suka ƙaru ba, kuma ƙaruwar ce abin mamakin.

B kuwa ta bar maganganun biyu a tsaye. Kayan na iya yin aiki, raunuka na gaske na iya raguwa, amma abin da ake ƙirgawa ya canza. Ka lura tambayar ba ta ce raunuka sun ƙaru ba, cewa ta yi waɗanda aka rubuta. A wannan ɗan tsakanin amsar take ɓoye.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, a wannan nau'in ba a nemi ka ƙaryata kowa ba. Duka maganganun gaskiya ne, ka karɓe su haka. Aikinka ka nemo gaskiya ta uku wadda idan ta shigo, mamakin ya kau. D da E ma sai ƙara dagula lamarin suke yi: D ta ce kayan na aiki a wasu wurare, E ta toshe hanyar cewa ma'aikata ne suka ƙaru. A kuwa maganar kuɗi ce, ba ruwanta da rauni.

Ɗan Kididdiga:

Malama ta gama magana a kan C. Ni abin da zan ƙara, wannan ba wasan jarrabawa kawai ba ne, yana faruwa a zahiri. A 1973, Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta karɓi kusan kashi 44 cikin 100 na mazan da suka nemi karatun gaba da digirin farko, mata kuwa kusan kashi 35. Kowa ya gani zai ce an danne mata. Da masu bincike suka bi sashe-sashe, sai suka tarar a mafi yawan sassan ba haka abin yake ba. Ashe mata sun fi neman sassan da ke da matsananciyar gasa, inda kowa ma da ƙyar yake shiga, maza kuwa sun fi tururuwa inda ƙofa take a buɗe. Alƙaluman biyu duk daidai ne.

Shi ya sa da na ga irin tambayar nan nake fara bincika ko su wa aka ƙirga, kuma adadi ake magana ko kaso. Garin da ya fi yawan haɗurran mota ba lallai ya fi haɗari ba, wataƙila motocinsa ne suka ninka na sauran. Wani lokacin kuma jinkiri ne, maganin bai kai ga nuna tasirinsa ba. Shawarata ka hasashi amsa kafin ka kalli zaɓin.

Yaya Babba:

Ƙanena, a nan na ɗan saɓa da Ɗan Kididdiga. A tsarin GMAT da aka fara a ƙarshen 2023, sashen harshe (Verbal), inda wannan nau'in yake fitowa, yana da tambayoyi 23 cikin minti 45, wato ƙasa da minti biyu kowace, ga kuma dogayen nassoshin karatu a ciki. Hanyoyin warware saɓani suna da yawa, kuma wanda ya ƙulla amsa guda a ransa yakan wuce ta gaskiya don ba ta yi kama da tasa ba. Ni dai na fi son ka mayar da saɓanin tambaya ɗaya gajera: me ya sa rubutattun raunuka suka ƙaru duk da an ƙara tsaro? Sai ka gwada kowane zaɓi da "saboda" a gabansa. "Saboda kayan sun yi tsada" ba ta zauna ba, kunnenka ma zai gaya maka.

Ka kuma kula da wadda ake juyawa, a ce duk zaɓin suna warware saɓanin in ban da ɗaya. A nan huɗu ne masu kyau, kana neman wanda bai taimaka ba, ko da kuwa bai ɓata komai ba. Idan biyu suka riƙe maka wuya, zaɓi ɗaya ka sa wa tambayar alama ka wuce, tunda yanzu an yarda ka canza amsa har uku a kowane sashe in lokaci ya rage.

Mai Neman Sani:

Allah ya saka da alheri. Malama, tambaya ɗaya ta rage: da a ce zaɓin E cewa ya yi ma'aikata sun ninka a shekarar, shi ma zai warware ke nan?

Malamar Lissafi:

Ƙwarai kuwa, domin tambayar a kan adadi take. Amma da cewa aka yi raunuka a cikin kowane ma'aikaci ɗari ne suka ƙaru, ninkuwar ma'aikata ita kaɗai ba za ta wadatar ba, sai an ƙara da cewa sababbin ba su ƙware da injinan ba.