Daga Adelaide zuwa Darwin da karaban: ina neman shawarar waɗanda suka taɓa bin hanyar

Baban Ummi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata huɗu ke nan da zama a Adelaide, kuma bana na ƙudiri aniyar ɗaukar maiɗakina da yaranmu uku mu ratsa tsakiyar Ostareliya ta titin Stuart har Darwin, muna jan karaban, wato ɗakin nan mai tayoyi da ake ɗaura wa mota a baya, mai gadaje da wurin girki. Tafiyar ta kai kimanin kilomita 3,000 a zuwa kaɗai, kuma lokacin da na fi samun sarari shi ne Disamba, sa'ad da yara ke dogon hutu. Ina so in san ko watan ya dace, da yadda sha'anin mai yake, da kuma ko zan iya ratsewa ta hanyar Oodnadatta domin in ga Marree, inda na ji akwai tarihin Musulmi masu raƙuma. Motata mai dizal ce, amma ban taɓa jan komai da ita ba.

Malam Mai Dizal:

Wa alaikumus salam Baban Ummi. Sau biyu na bi wannan hanya, kuma abin da zan fara roƙonka shi ne ka cire Disamba daga lissafinka. Lokacin ne tsakiyar ƙasar ke kan ganiyar zafi, kuma a garin Oodnadatta ɗin da ka ambata ne aka auna zafin digiri 50.7 a Janairun 1960. Idan ka tsallake wannan ka kai Katherine da Darwin, sai ka tarar da damina, wadda ke farawa wajen Nuwamba ta kai Afrilu, kuma ambaliya kan rufe hanya. Daga Mayu zuwa Satumba ne mutane ke wannan tafiya.

Titin kansa kwalta ne tun daga Port Augusta har Darwin, domin an gama shimfiɗa shi a 1987, saboda haka matsalar ba ta gargada ba ce, ta nisa ce. Tsakanin Glendambo da Coober Pedy akwai kusan kilomita 250 da babu gidan mai ko ɗaya. A tafiyata ta farko na wuce Glendambo da rabin tanki, ina lissafi da yadda motar ke shan mai a cikin gari, ban san cewa nauyin karaban da iskar da ke bugowa ta gaba sun sauya lissafin gaba ɗaya ba. Fitilar mai ta kama da sauran tafiya mai yawa, na kashe na'urar sanyaya mota, na rage gudu, yarana suka yi tsit a baya, maiɗakina tana ta salati a hankali har muka hango tsibin farar ƙasar da masu haƙar ma'adinai suka tara a bakin garin. Tun daga ranar, duk gidan man da na gani sai na cika tanki, kuma ba na rabuwa da jarka biyu.

Kada ka yi tuƙi da almuru ko da dare ko da asuba, domin lokacin ne kangaru ke fitowa, kuma a wurare da yawa babu shinge tsakanin titi da makiyaya, sai ka iske bijimi tsaye a tsakiyar kwalta. Akwai kuma manyan motocin da ke jan tirela uku ko huɗu a jere, waɗanda tsawonsu kan kai mita 53.5. Idan irinsu ta zo wuce ka, iskarta kan girgiza karaban, to ka riƙe sitiyari da kyau, kada ka taka birki da ƙarfi. Ka sayi rediyon UHF, wato oba-obar da ake magana da ita tsakanin motoci, domin direbobinsu suna sauraron tasha ta 40, kuma za su gaya maka lokacin da za su wuce.

Maman Yasir:

Baban Ummi, duk abin da Malam ya faɗa haka yake, ni zan ƙara ne ta ɓangaren iyali. Mun je a Yuli, kuma abin da ya ba mu mamaki shi ne sanyi, domin a kewayen Alice Springs dare kan sauka zuwa digiri sifili ko ƙasa da haka, har na tashi da asuba na tarar ruwan da na bari a buta a waje ya yi ƙanƙara a sama. Ku tafi da barguna masu kauri, kuma ruwan sha ya kasance a jarkoki daban-daban, domin idan tanki ɗaya ya huje kada ku rasa duka. Naman halal ku saya tun daga Adelaide ku daskarar da shi. Ku tuna kuma cewa alƙibla a nan yamma take, da ɗan karkata zuwa arewa, kuma akwai masallaci a Alice Springs idan kun dace da Juma'a. Ku ba Coober Pedy kwana biyu, saboda yara za su ji daɗin ganin gidajen da aka haƙa a ƙarƙashin ƙasa don gudun zafi.

Kawu Na Marree:

Ɗana, tambayarka game da Marree ce ta sa na yi magana. Tun daga shekarun 1860 aka riƙa kawo masu raƙuma daga Afganistan da yankunan da yanzu ke cikin Pakistan da Indiya, kuma su ne fataken da suka yi dakon kaya zuwa cikin hamadar nan kafin jirgin ƙasa ya kai Alice Springs a 1929. Jirgin ƙasan da ake kira Ghan daga gare su ya samo sunansa, kuma masallacin da suka gina a Marree ana ɗaukarsa na farko a ƙasar. Duk wanda ya san ayarin gishirin Bilma zai ji wani abu a ransa idan ya tsaya a wurin.

Duk da haka ban yarda ka bi hanyar Oodnadatta a wannan karon ba. Daga Marree zuwa Marla ta haura kilomita 600, burji ce mai duwatsu da gargada, ana rufe ta idan an yi ruwa, kuma karaban da aka ƙera don kwalta kan kakkarye a kanta. Ka ware wa Marree tafiya ta daban. A kan titin Stuart ma akwai wurare masu nisa da babu sabis ɗin waya, don haka ka yi hayar wayar tauraron ɗan'adam ko ka sayi na'urar aika alamar neman agaji. Idan mota ta lalace, kowa ya zauna kusa da ita, domin mota ake hangowa daga sama, ba mai tafiya a ƙasa ba.

Baban Ummi:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na yi shawara da maiɗakina, mun mayar da tafiyar zuwa hutun Yuli, kuma tunda mako biyu ne kawai, za mu tsaya a Alice Springs, mu ratse daga Erldunda mu ga dutsen Uluru, mu bar Darwin sai wata shekara. A ƙarshen makon nan zan ɗaura karaban in gwada janta zuwa Port Augusta in dawo, in ga yawan man da motar za ta sha. Malam, ko ya kamata in kai ta sikeli bayan na loda ruwa da kaya, ko nauyin da aka rubuta a jikinta ya wadatar?

Malam Mai Dizal:

Ka kai ta sikeli da cikakken lodinta, da ruwa da tukwanen gas da abinci, domin kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce. Ka auna har da nauyin da ke sauka a kan maɗaurin mota, wato ƙarfen da ake ɗaura karaban a kansa, wanda aka saba so ya kasance wajen kashi 10 cikin 100 na nauyin karaban, sannan ka gwama shi da iyakar da littafin motarka ya ƙayyade.