Siyasar da ke ɓoye cikin almara da wasannin jarumai: abin da aka ce

'Yan'uwa, ga abin da na tsinto daga doguwar muhawararmu kan littattafan almara da wasannin jarumai da yaranmu na unguwannin Nima da Mamobi a Accra ke wuni a kansu.

1. Kusan kowa ya yarda almara ba ta rasa siyasa. Ɗan sarki ne kullum mai gaskiya, talaka ɗan rakiya. Aka tuna mana namu ma haka yake: Bayajidda ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu, ya auri sarauniyar Daura, daga nan aka sami Hausa bakwai da banza bakwai. To wa ya raɗa wa wasu "banza"? Tambayar nan ta tsaya mini a rai.

2. Jinsin da aka halitta mugu. A wasan Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 1974, an daɗe ana ɗaukar wasu halittu miyagu tun haihuwa, sai a 2020 kamfanin da ke yin wasan ya ce zai gyara. Shawarar iyaye: ka zauna gefen yaro yana danna waya, ka tambaye shi, "Wannan dodon da kake sara, me ya yi maka?"

3. Nan aka rabu. Wasu suka ce wasa wasa ne, a ƙyale yara. Wasu suka ce abin da yaro ke maimaitawa kullum shi ke zama halinsa. Ni ina bayan na biyun.

4. Ba wanda ya ce a hana. A dai haɗa musu da tatsuniyar Gizo, da Ananse na maƙwabtanmu Asante, inda ƙaramin mai wayo ke juya zaki.