Bear Mountain ranar Asabar, mu je mu dawo

Maman Ikram: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah shawara nake nema. Surukata ta zo daga gida, tun da ta sauka Bronx, a birnin New York, ba abin da take gani sai benaye da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Muna son fita da ita da yara wata Asabar cikin Oktoban nan, wuri mai dutse da itatuwa, mu je mu dawo a yini guda. Maigida ya ce Bear Mountain. Wa ya san wurin?

Alhaji Sabo: Wa alaikumus salam. Maigidan naki ya zaɓa da kyau. Wurin shaƙatawa ne na jihar New York, a gaɓar kogin Hudson ta yamma, bai kai mil 50 daga birni ba. Ku haye gadar George Washington, ku kama Palisades Parkway ku miƙe arewa, in hanya ta yi kyau awa ɗaya da 'yan mintuna kun isa. Kuɗin ajiye mota dala 10. Amma ku fita da sassafe, ku yi Asuba ku kama hanya. Oktoba ce lokacin da ganye ke rikiɗewa ja da ruwan ɗorawa, duk birni can yake nufa, kuma da filin ajiye motoci ya cika sai su rufe ƙofa su ce a wuce.

Danjuma: Alhaji, ka manta abu ɗaya. Palisades ta ƙananan motoci ce kawai. Duk wanda zai ɗauko motar aiki mai lambar kasuwanci, ya bi hanyar 9W, kada ya jawo wa kansa tara.

Maman Ikram: Tamu ta gida ce. To Hajiya surukata fa? Gwiwa na damunta.

Hajiya Balaraba: Ɗiyata, kada ma ki fara tunanin sa ta hawa. Ku rabu gida biyu. A ƙasa akwai tafkin Hessian, an yi masa hanya mai kwalta ta zagaye shi, kamar mil ɗaya da rabi, babu hawa na a zo a gani. Ga teburan cin abinci a gefe. Ta zauna da ƙananan yara, matasa su hau. In kuma tana son ganin sama, akwai titin mota, Perkins Memorial Drive, har ƙolin dutsen yake kaiwa. Lokacin sanyi suke rufe shi, yanzu a buɗe yake. Ni haka nake yi, ban ga abin da zai sa in wahalar da ƙafata ba alhali ga mota.

Baban Yusra: Hajiya, ai daɗin a hawan yake! Maman Ikram, ga masu ƙafa hanya biyu ce, kuma a nan mutane ke ruɗewa. Akwai mai alamar farin fenti a jikin itatuwa da duwatsu, ita ce Appalachian, doguwar hanyar ƙafar nan da ta taso daga Georgia har Maine, wajen mil 2,190, ta ratsa jihohi 14. Sashenta na farko ma a wannan yankin aka buɗe shi a 1923. An sassaƙa mata matakalan dutse sun haura 800, 'yan sa-kai ne suka yi yawancin aikin, to ita yaro ɗan shekara takwas ma zai iya in ana hutawa. Ɗayar kuma Major Welch, alamarta jan ɗigo a kan fari, ta gefen tafkin take farawa. Wannan akwai inda sai ka sa hannu ka dafa fa, dutse ne shimfiɗe a karkace. Masu ƙarfi su hau ta nan, su sauko ta matakala, duka zagayen kamar mil 4. Kada kowa ya yi akasin haka, saukowa ta kan shimfiɗaɗɗen dutsen nan shi ke kayar da mutane, balle in an yi ruwa. Tsayin dutsen kusan ƙafa 1,300 ne, a samansa akwai hasumiyar Perkins da aka gina a 1934. Ranar da gari ya waye tas, ana hango benayen Manhattan can nesa.

Malam Nura: Ƙari kan maganar Baban Yusra: ambaliyar Yulin 2023 ta yi wa wurin ɓarna sosai, hanyoyi da dama an rufe su na tsawon lokaci. Ku duba shafin hukumar wurin daren Juma'a ku ga wacce ke buɗe kafin ku tsara.

Danjuma: Kuma takalmi, jama'a. Ba Dutsen Dala ba ne da za a hau da silifa da babbar riga. Kambas mai kama ƙasa, da ruwa gora biyu kowane mutum.

Anti Rabi: Ni abin da zan faɗa na aikina ne. Kaska. Dajin wannan yankin cike yake da ƙaramar kaska mai sa cutar Lyme, kuma Oktoba ba ta wuce lokacinta ba. Yara su sa dogon wando, a cusa ƙafarsa cikin safa, kada su bar hanya su shiga ciyawa. In kun dawo gida a yi musu wanka a duba bayan kunne, hammata, bayan gwiwa da cikin gashi. In an ga ta maƙale, a kama ta da hantsaki dab da fata a ja a hankali, ba a ƙona ta, ba a shafa mata mai. Sai wani ganye mai fitowa uku-uku, taɓa shi na sa ƙaiƙayi da ƙuraje na kwanaki, a gaya wa yara kada su tsinki komai.

Maman Ikram: Na gode Anti. Da gaske akwai beya a wurin, ko suna ne kawai?

Baban Yusra: Akwai baƙaƙe a dajin, amma ba sa zuwa inda mutane suka yi yawa haka. Wadda za ku iya gani tana ƙaramin gidan namun dajin da ke ƙasa kusa da gada. Ku kai yara, hanyar Appalachian ta cikinsa ta bi, kuma nan ne wuri mafi ƙasa a duk tsawonta, ƙafa 124 daga teku.

Sani Maradi: Mu da ba mu da mota fa, Alhaji? Kowa na ta maganar Palisades.

Alhaji Sabo: To Sani, ku garin Cold Spring za ku. Jirgin ƙasa na Metro-North layin Hudson, ku shiga a Grand Central ko tashar titi na 125 a Harlem, ku zauna ɓangaren hagu don kogin. Daga tasha da ƙafa za ku isa bakin hanyar dutsen Bull Hill, cikin wurin shaƙatawa na Hudson Highlands, shi ma na jiha ne. Ya fi Bear Mountain tsawon tafiya, ba na tsofaffi ba ne. Kada wani ya ce muku ku bi hanyar Breakneck Ridge, an rufe ta a Afrilun 2025 saboda aikin gini.

Malam Nura: Batun salla: ku tafi da buta da darduma, Azahar da La'asar duk a can za su same ku. Alƙibla arewa maso gabas, ba gabas sak ba. Ƙarshen Oktoba rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida, kuma cikin daji duhu ya fi saurin shiga, ku fara saukowa kafin huɗu.

Hajiya Balaraba: Ki yi dambun shinkafa ko wainar da ba ta lalacewa, ki zuba shayi a filas. Abincin da ake sayarwa a can ga tsada, ga ba ka san da me aka dafa ba. Ki ɗauko wa Hajiya rigar sanyi, iskar saman dutsen daban take da ta ƙasa.

Sani Maradi: Alhaji, tikitin a waya zan saya ko a cikin jirgi?

Alhaji Sabo: A waya ko a na'urar tasha. Cikin jirgi sun fi caja.

Danjuma: Ina da gurbin mutum biyu a motata in akwai mai so, ƙarfe bakwai daidai zan tashi daga unguwar Fordham a Bronx.