Idan kwalara ta ɓarke, meri na da ikon karɓar gonar mutum?

Malam Idi: Assalamu alaikum. Jiya a fada wani ya ce da annoba ta ɓarke, a bai wa meri, wato ofishin magajin gari, ikon karɓar kowane fili nan take ta kafa tantunan jinya, ko mai shi ya yarda ko bai yarda ba. Ni dai ban amince ba.

Rabi: Wa alaikumus salam Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina bayan maganar. Ka tuna 2018, kwalara ta fara a gundumar Madarunfa cikin watan Yuli, ta iso har cikin Maraɗi. Mai amai da zawo yana iya rasuwa cikin awoyi idan ba a saka masa ruwa ba. Gadonsa ma daban ne, da rami a tsakiya da bokiti a ƙasa, kuma ba a haɗa shi ɗaki da mai haihuwa ko yaro mai tamowa. Dole a samu fili a keɓe, a ranar.

Malam Idi: Ƙanwata, ban musa ba. Amma da damina cutar nan ta fi zuwa, lokacin da hatsi ke tsaye. Wanda aka sare wa gona a watan Agusta an sare masa cimakar shekara.

Lawali: Ai dokar tana nan tun tuni. Dokar Nijar mai lamba 61-37 ta 24 ga Nuwamba 1961, wadda aka gyara a 2008, ta tanadi karɓar fili don amfanin jama'a, da riƙe shi na ɗan lokaci, tare da diyya. Sai dai hanyarta doguwa ce: bincike, takardu, in ba a daidaita kan kuɗi ba a je gaban alƙali. Annoba ba ta jiran wannan.

Hajiya Zule: Lawali ɗana, diyyar wa ake bai wa? Gonarmu ta gado ba ta da takarda, mai gari da maƙwabta ne shaida. An taɓa aron filin yayana da sunan wata uku. Da aka tashi aka bar masa ramukan masai a buɗe da warin kulor, shekara ta zagayo babu mai son ko kuɓewar da ya shuka a wurin. Ko dala bai gani ba.

Ustaz Habu: Hajiya ta taɓo wurin. Sayyidina Umar da zai faɗaɗa Masallacin Harami ya rushe gidaje, amma ya biya, waɗanda suka ƙi karɓa aka ajiye musu kuɗinsu. Larura ta halatta karɓa, ba ta halatta cin haƙƙi ba.

Sani: A yi a filin lakwal mana, ai yara na hutu.

Rabi: A Oktoba za su koma, Sani, ga rijiya a tsakar filin. A'a.

Lawali: To kowace kwamin ta ware fili tun da rani, nesa da Gulbi da rijiyoyi, hukumar filaye ta Kofo ta rubuta shi. Dokar tsarin karkara ta 1993 ce ta kafa ta don irin wannan shaida.

Malam Idi: Wannan na yarda. In kuma ta kama dole sai gonar mutum, a rubuta ranar mayarwa gaban mai gari, a ƙiyasta damman da za ta bayar, a biya kafin a kafa turke.

Rabi: Kafin a kafa turke kam ban yarda ba, Malam. A sa hannu da safe, mu shiga da rana, kuɗin su biyo cikin sati.

Hajiya Zule: Ramukan kuma wa zai cike?